Daftarin da Baba Ya Bari

Ɗakin kati yana ƙasan bene, bayan wurin karɓar magani, kuma taga ɗaya gare shi, wadda ake miƙo hannu ta cikinta. Shekara goma sha bakwai ke nan Antin Kati tana zaune a bayan wannan taga. Fuskokin mutane ba ta cika ganinsu ba, hannuwa take gani. A miƙo mata lamba, ta juya ta shiga tsakanin kantoci, ta zaro fayil, ta rubuta kwanan wata. Idan mutum ya zo babu lamba yana rantsuwa cewa kowa ya san shi a asibitin nan, sai ta ce, “Ni ban san kowa ba, lamba na sani.” Ba da faɗa take faɗa ba, shi ya sa ma ya fi ciwo.

Lokacin hutun rana abokan aikinta sukan fita neman abin taɓawa. Ita kuwa sai ta rufe taga, ta ɗauko waya, ta shiga kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa zai iya rubutu a cikinsa kuma ba a ɗaukar kowa aiki. Mutanen wurin kashi biyu ne. Akwai masu gini, waɗanda ke buɗe sabon shafi, su ne ake liƙa wa hoton tauraro a shafinsu don yabo. Akwai kuma masu bin bayansu suna kwashe ɓaraguzai, su gyara abin da ya karkace, su cire maganar da ba ta da tushe. Waɗannan ba a cika tuna su ba sai in sun taka wani. Antin Kati a cikinsu take, kuma sunan da ta sa wa kanta a can shi ne Mai Shara. Ba wanda ya san ko namiji ne ko mace, ita ma ba ta ga abin da zai sa ta faɗa ba.

Dokar wurin guda ce babba: duk abin da ka rubuta, ka nuna littafi ko jaridar da ta faɗe shi kafin kai. Ko da idonka ka gani, in ba a rubuce yake a wani wuri ba, a wurinsu ba ka gani ba. Doka ce mai taurin kai, amma ita ke hana kowane mai surutu mayar da kundin dandalin hira, kuma ta dace da halin Anti kamar don ita aka yi ta.

Babanta ya yi shekara talatin da huɗu a maɗaba'a yana jera haruffan dalma da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin kwamfuta ta zo ta sallami aikin. Da ya ajiye aiki sai zaman gida ya ishe shi, shi kuma ya ishi Mama. Anti, wadda ke zaune tare da su, ita ta buɗe masa shafi a kundin da hannunta don ya sami abin yi. Ya zaɓi suna Tsohon Maɗaba'a, ya ƙure ƙarar wayarsa don kada saƙon kundin ya wuce shi, ya zauna a kujerarsa ta falo yana danna haruffa da yatsa ɗaya, harshe a waje.

A rana ta uku ya rubuta sakin layi guda a kan yadda ake haɗa tawada, babu hujja ko ɗaya. Anti ta gani a hutun rana, ta san ko na wane ne, ta cire shi kamar yadda za ta cire na kowa. Niyyarta in ta koma gida ta yi masa bayani. Sai ta tarar da shi a tsakar falo yana zagaye.

“Uwata, zo ki ga rashin kunya,” in ji shi, don haka yake kiranta. “Wani wai shi Mai Shara ya goge min aiki. Wai in kawo hujja. Ni ne hujjar! Lokacin da nake haɗa tawada ko haifarsa ba a yi ba.”

Ta ce a ranta gobe in ya huce. Goben nan ita ce ta zama shekara uku. Wani lokaci ranar da babu aiki tana ɗakinta za ta liƙa wa jimlarsa alamar “ana buƙatar hujja”, sai ta ji wayarsa ta yi ƙara ta bayan bango, ta ji ya ce, “Ga shi nan kuma!” Mama ta amsa daga kicin, “Kai ma ka ƙyale shi mana, Malam, ka san ba tarbiyya gare shi ba.” Anti takan danne dariya da matashin kai. Tana son mahaifinta ƙwarai, amma ba ta iya ɗaga wa kowa ƙafa ba, kuma a wurinsa ta gaji hakan.

Daga baya ya gano akwai wurin ajiye daftari, inda mutum zai tara rubutunsa kafin a fitar wa jama'a. Nan ya koma ya fara babban aikinsa, shafi a kan jera haruffa da hannu. Har can Mai Shara ya bi shi, ya liƙa masa alama a wuri goma sha ɗaya.

Wata safiya Baba ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi. Kwana biyu ya yi a asibitin da take aiki. Ita ta zaro fayil ɗinsa ranar da aka kwantar da shi, ita kuma ta karɓe shi da aka dawo da shi ƙasa. Ta ɗauki jan biro ta rubuta kwanan wata a kusurwar dama, yadda take yi wa na duk wanda ya rasu, ta kai shi kantar ƙarshe ta jera a lambarsa. Mai goge-goge da ke tsaye a ƙofa ita ce ta fashe da kuka. Anti ta miƙa mata kujera.

Haka aka yi zaman ta'aziyya aka watse, haka ta koma aiki. Ba ta yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce, nema ta yi ba ta samu ba. Abinci ba shi da ɗanɗano, maganar mutane kamar daga wani ɗaki take zuwa. Tana ci gaba da sharar kundin a hutun rana, don hannu ya saba. Mama kuwa kullum da safe takan sa wayar Baba a caji kusa da tata, a kan kantar falo. Ta ce wataƙila akwai wanda bai ji labari ba, kada ya kira ya ji a kashe.

Ranar wata Alhamis saƙo ya fito a saman daftarin. Ba mutum ne ya rubuta ba, na'urar kundin ce, ita kuwa ba ta san mutuwa ba. Saƙon ya ce daftarin ya kusa wata shida ba a taɓa shi ba, kuma in ba a taɓa shi ba nan da kwana bakwai za a share shi.

Maganin abin ba wuya. Duk wanda ya gyara ko da ɗigo ɗaya, lissafin ya koma farko. Amma kowane shafi yana da tarihinsa, jerin waɗanda suka taɓa shi, na ƙarshe a sama. Layin da ke sama yanzu na Tsohon Maɗaba'a ne, kwana huɗu kafin rasuwarsa, da ɗan bayanin da ya rubuta a gefe: “Mai Shara, don Allah ka bar min wannan, zan kawo hujjar.” Da zarar ta taɓa, sunan Mai Shara zai hau kan nasa, ya tura shi ƙasa. In kuma ba ta taɓa ba, daftarin da layin duk za su tafi tare.

Juma'a ta buɗe ta rufe. Asabar da Lahadi ma haka. Ranar Litinin ta ba wata mata fayil ɗin da ba nata ba, abin da bai taɓa faruwa ba, har matar ta leƙo ta taga don ta ga ko an canza ma'aikaciya.

Ranar Talata ta shiga zauren da masu gyara ke tattaunawa, inda a shekara tara ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce layi ɗaya ba. Ta rubuta: “Tsohon Maɗaba'a ya rasu wata shida da suka wuce. Mahaifina ne. Bai san ni ce Mai Shara ba. Za a share daftarinsa jibi, kuma wuri goma sha ɗaya ba hujja.” Ta buɗe taga ta ci gaba da karɓar lambobi.

Kafin a tashi aiki amsoshi sun taru. Ta farko daga Malamar Lissafi, wadda ta fi kowa daɗewa a kundin kuma ita ke raba gardama. “Allah ya jiƙansa da rahama. 'Yar'uwa, ashe ke mace ce, ashe kuma ke ce tasa. Ki ba mu kwana biyu.” Sai wani mai suna Direba, wanda ke tuƙa babbar mota yana rubuta shafukan gadoji a duk inda ya tsaya hutawa. “Kai, duniya! Shekara uku Baba yana kawo min ƙararki, ni kuma ina taya shi zaginki. Ki yafe min, Anti. Akwai wani tsohon ɗakin karatu a garin da zan sauke kaya gobe, zan leƙa.”

Ya kuwa leƙa. Ya sami littafin koyar da aikin ɗab'i wanda bangonsa ya cire, ya ɗauki hoton shafi ashirin da biyu, babban yatsansa ya fito a kusan kowanne. Malamar Lissafi ta tono wata tsohuwar mujalla. Wani da Anti ta taɓa goge wa shafi guda cur ya kawo hujja biyu. Abin da ta lura da shi shi ne, ba wanda ya taɓa daftarin kansa. Duk a zauren suka tara abin da suka samo, kowace hujja da lambar wurin da za ta shiga. “Ke za ki fara sa hannu,” in ji Malamar. “Mu muna bayanki.”

Malamar ta kuma liƙa tauraro a shafin Baba, ta rubuta a ƙasa cewa don haƙurinsa da naci. Shekara uku yana son wannan tauraro, har yakan ce wa Mama yara ƙanana sun samu shi bai samu ba. Anti ta daɗe tana kallonsa. Hoto ne rawaya mai tsini biyar, ba ta ji komai ba.

Hujja goma aka samu. Ta goma sha ɗaya ta gagara, kuma Anti ta san ba za a same ta a kowane littafi ba. Jimlar ta ce: “Dalma takan bar baƙi a ƙarƙashin farce wanda sabulu ba ya fitarwa, har 'yar mutum ta tambaye shi ko haka aka haife shi.” Tana da shekara biyar ta yi wannan tambaya, tana zaune a cinyarsa.

“Ki bar ta kawai,” Direba ya rubuta. “Wallahi ba mai cewa uffan.”

“In na bar wa Baba, sai in bar wa kowa,” ta amsa.

Ranar Alhamis ta dawo daga aiki da la'asar, ko takalmi ba ta cire ba. Mama na kicin tana wanke-wanke. Anti ta zauna a ƙasa, ta jingina da kujerar Baba, ta buɗe daftarin. Ta sa hujjoji goma ɗaya bayan ɗaya, tana cire alamun da ita ta liƙa. Da ta zo kan jimlar farce sai ta karanta ta sau biyu, ta goge ta. Ta danna ajiye, ta fitar da shafin ga jama'a.

Ta buɗe tarihin. Mai Shara a sama, Tsohon Maɗaba'a a ƙasa da shi, yana nan yana roƙon a bar masa. A ƙarshen kowane layi akwai ɗan madanni da aka rubuta “na gode”, wanda masu gyara ke danna wa juna in aiki ya yi kyau. Ta danna wa baƙi shi ba adadi. Baba kuwa ba ta taɓa danna masa ba, kullum tana jira sai ya kawo hujja. Ta ɗora yatsa a kai. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

Wayar Baba da ke kan kantar falo ta yi ƙara.

Ƙarar kwanuka ta tsaya a kicin. Mama ta fito tana goge hannu a zani, don ta san wannan ƙarar sarai.

“Mutumin nan ne kuma? Har yanzu bai ƙyale babanki ba?” Ta cire wayar daga caji ta miƙo. “Karanta min. Me kuma yake so?”

Anti ta karɓa. Gilashin ya tsage a gefe, wurin da yatsansa ya saba dannawa ya dushe. Abin da ya daskare a ƙirjinta wata shida ya motsa.

“Ya ce ya gode, Mama.”

Mama ta kalli kujerar.

“Sai yanzu?”

“Sai yanzu,” in ji Anti. “Zauna, Mama. Ni ce.”