Editan Gwammaja da Ya Yi Min Gyara Yana Kallon Bango

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da yayata, ko ruwan zafi ba mu kurɓa ba. Ita tana riƙe da ledar kayan ta'aziyya, ni kuwa na rungume jakar laftof kamar mai goyon ciki. Masu bibiyata kun san sana'ata, ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata zalla, inda maza masu kyamara ba sa taka ƙafa. Abin da ba ku sani ba shi ne kwana tara ke nan abinci ba ya yi min daɗi a baki.

Ga yadda aka yi. Wata uku da suka wuce na ɗauki wani biki a unguwar Sheshe, cikin birnin Kano. Ranar kai amarya, kakarta da kowa ke kira Hajiya Babba ta zaunar da ita ta yi mata nasiha ta kusan minti ashirin, da waƙa da zolaya, ana kuka ana dariya. Bayan sati biyar Allah Ya yi wa tsohuwar rasuwa. Sai mahaifiyar amarya ta kira ni ta ce tsohon, wato mijin marigayiyar, kullum sai ya tambaya ko bidiyon nan ya fito. Na ce ai saura ƙiris. Na buɗe manhajar da nake haɗa aikina a ciki, sai na ga komai ya koma ja wur, babu hoto babu sauti, sai wani ɗan rubutun Turanci mai cewa ba a ga fayil ba. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna. Na goge manhajar na sake sakawa. Jan nan dai yana nan yana kallona.

Kuma ba ni da damar tura wa kowa ya duba, don kafin a bar ni na ɗaga kyamara a gidan sai da na yi alkawari babu namijin waje da zai ga hotunan. Mata ne a tsakar gidansu, ba mayafi ba komai, suna rawarsu hankali kwance. Editocin da na sani kuwa kaf maza ne. Wata abokiyar sana'a ce ta ba ni kwatancen wani tsohon hannu a Gwammaja, ta ce in shi bai gyara ba, to na wuce Sheshe kawai na ba da haƙuri.

Tun daga tasha mamaki ya fara. Abin da muka biya mu biyu, bara da shi za mu je mu dawo har mu sayo gurasa. Na yi tsaki, direba ya ce min na je gidan mai na yi tsakin a can. Hanyar wani wurin sumul, har mutum ya fara gyangyaɗi, sai kuma a karkatar da mu hannu ɗaya mu dinga shan hayaƙin tirela. A Kwanar Dangora masu talla suka yanyame motar, hannuwa ta kowace taga, da rake da gyaɗa da dafaffen ƙwai. Yayata ta sayi rake ta dinga sha a kunnena har Kura, tana nuna min gonakin shinkafa kore shar, wai na kalla ko zuciyata ta yi sanyi. Ban ga komai ba, ni ja kawai nake gani.

A Unguwa Uku muka sauka muka hau adaidaita. Ta Ƙofar Nasarawa ya shiga da mu, ya bi ta Shahuci, ya kutsa wajen Jakara inda cunkoso ya riƙe mu har yayata ta ƙulla hira da wata mata a adaidaitan gefenmu. Mai kura ya danno, mai babur ya danno, mai ɗauke da katifa a ka shi ma yana neman hanya, kuma kowa gani yake shi ne da gaskiya. Da muka hango Dutsen Dala na fara neman shago mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Kwatancen bai kai mu can ba. Wani lungu ya kai mu, wanda sai da muka tsallaka kwata biyu, muka tsaya a soron wani tsohon gidan ƙasa da aka yi wa shafen siminti.

A cikin soron akwai kwamfuta biyu, da fanka mai ƙara, da batirin sola a lulluɓe da buhu. Mai wurin dattijo ne mai furfura a gemu, da hula zanna a ka, ka rantse mai sayar da turare ne a Kurmi. Na kalli yayata, ta kalle ni. A raina na ce yau na yi asarar kuɗin mota.

Bayan gaisuwa na zayyana masa komai, har da alkawarin. Na ɗauka zai ce to ai babu yadda za a yi likita ya duba mara lafiya daga bayan katanga. Sai kawai ya miƙe ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango.

"Malama, buɗe," in ji shi. "Yau ke ce idona. Abin da kika gani ki faɗa min, kada ki ƙara kada ki rage."

Baki buɗe na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Daga baya ya ce min ba ni ce ta farko ba, gidajen cikin birni da yawa haka suke kawo masa aikin mata, har ya saba.

Ya tambaye ni inda ainihin hotunan suke. Da ƙarfin gwiwata na ce suna cikin manhajar mana, ai na shigar da su tun ranar da na dawo. Ya ce foldar da na kwafo daga kyamara fa? Na ce laftof ɗin ne ya cika yana nauyi, sai na goge ta, tunda komai ya riga ya shiga. Katin kyamarar kuwa na share shi na ɗauki suna biyu da walima ɗaya a kai.

Sai ya ja salati.

"Malama, manhajar nan ba rumbu ba ce. Kwatance kawai take riƙewa, ta ce hoto kaza yana gida kaza. Ke kuma kin rushe gidan kin bar mata kwatance."

Shekara biyu ina wannan sana'a, ina yi wa 'yan koyo ɗagawa, ashe ban san wannan ba. Sa'a ce kawai ta sa ban taɓa goge folda kafin na fitar da aiki ba sai wannan karon, a kan muryar matar da ba za ta sake magana ba. Na fashe da kuka. Yayata, da ba ta barin ko-ta-kwana, ta ce, "Ai na sha faɗa miki, rawar kai ba ilimi ba ce."

Dattijon ya ce na share hawaye, ba a gama ba. Ya tambaye ni, lokacin da laftof ɗin yake sarƙewa in na kunna hoto, ban yi wata dabara ba? Na tuna na taɓa ganin wani darasi a waya, na danna wani wuri aka ce zai sa aiki ya yi sauƙi. Har na kusa ɓoye masa don kunya, ina zaton wata ɓarnar ce. Ya ce wannan dannawar tana sa manhaja ta yi wa kowane hoto ƙaramin kwafi mara nauyi, su a sana'a furoksi suke ce masa, kuma a wata folda dabam take ajiye su. Ya dinga faɗa min inda zan shiga, daga wannan folda zuwa waccan, kansa na kallon bango kamar mai tilawa. A can ƙarƙashi na same su a jere. Ba duka ba ne, don ashe ranar an ɗauke wuta batirina ya mutu kafin ta gama. Na dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kamu yana nan, sa lalle yana nan, rabin rawar 'yan mata ya tafi. Na biyun ƙarshe, sai ga Hajiya Babba a kan tabarmarta da sandarta a gefe. Na ƙwalla ƙara har wani mai wucewa ya leƙo, yayata ta tare ƙofa da mayafinta.

Ya koya min yadda zan nuna wa manhajar sabon kwatance, jan ya dinga washewa ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo. Na ce masa bakin tsohuwar yana motsi, amma maganar sai daga baya take biyowa. Ya ce da me na ɗauki wurin? Na ce da waya, kyamara ta mutu a lokacin, kuma a wayar ma na riga na goge shi. Ya ce haka hoton waya yake yi, ba ya tafiya da taku ɗaya. Ya sa na kashe sautin gaba ɗaya, don ya ce muryarsu ma amana ce, sannan na nemi inda aka tafa ko aka buga wani abu. Akwai inda ta buga sandarta a ƙasa tana jaddada magana. Ya ce na duba zanen sautin da ke ƙasa, zan ga wani tsini ya miƙe, na ja shi ya zo daidai da inda sandar ta taɓa ƙasa. Sau huɗu ta buga sandar nan a cikin nasihar, sau huɗu na yanka na daidaita.

Da za a fitar da aikin ya ce na faɗa wa kaina gaskiya tun yanzu, hoton ba zai fito tas ba, dishi-dishi zai yi a babban talabijin, sai dai sautin lafiya lau. Muka bar aikin yana fita, muka je muka yi azahar a cikin gida wajen iyalinsa. Suka kawo mana gurasa bandashe, da ƙuli da mai da albasa, yajin har cikin kunne. Wannan ne abincin farko da na ji ɗanɗanonsa a kwana tara.

Bayan la'asar muka isa Sheshe. Lungunan sun rikita ni kamar ban taɓa zuwa ba, ga ƙanshin turaren wuta daga wannan gida, ga ƙarar keken ɗinki daga wancan. Muka yi wa mata ta'aziyya, sannan aka kai ni wajen tsohon a ɗakinsa. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya duka, cewa sakacina ya lalata na ainihin, wannan ɗan abin da ya tsira ne, kuma fuskar Hajiya ba ta fito sosai ba. Ina jiran faɗa, ya ce na kunna kawai.

Muryarta ta cika ɗakin, tana ce wa jikarta kada ta kwana da fushi ko da ita ce da gaskiya. Tsohon bai ko kalli allon ba, kunnensa ya karkato. Da ta buga sandar sai ya yi murmushi, ya ce haka take yi masa shi ma. Aka gama, na sake ba shi haƙuri a kan dishi-dishin.

"'Yar nan," in ji shi, "ai tun da yanar ido ta kama ni haka nake ganinta, shekara da shekaru. Muryar nake nema. Mayar min ita daga farko."

Sau uku na mayar. Yayata ta fita tsakar gida don kada a ga hawayenta, ni kuwa a gabansa na yi nawa.

A gidan muka kwana, da hantsi muka kamo hanya. Kafin mu hau mota na sayi faifan ajiya guda biyu, tsadarsu ta sa na dafe ƙirji amma ban yi tsaki ba. Azahar a Zariya ta yi mana. Abin da na koyo, ga 'yan uwana masu wannan sana'a: kada ki goge ainihin hoto sai kin fitar da aiki kin miƙa wa masu shi, kuma ki ajiye shi a wuri biyu. In kika ga ja, kada ki hau goge-goge, ki fara tambayar kanki me kika matsar ko kika sauya wa suna. Da can gani nake kwalliyar amarya da hasken fitila nake ɗauka. Jiya mahaifiyar amaryar ta kira ni, ta ce an tura wa tsohon sautin a ƙaramar wayarsa, kuma kowace safiya bayan lazimi sai ya sa an kunna masa kafin ya karya.