Bafataken da ya watsa mana alamar hanya

Jama'a, ku matso ku ji! Yau na sa attajiri kwasar duwatsu da hannunsa, da rawaninsa da komai!

Wani bafatake ne da ya sauka Zango da ayari, ya zo nan Zermu sayen fatu. Ya ce in hau da shi dutse ya ga kufan kakanninmu. Kun san hanyar, falalen dutse ba ya riƙe sawu. Tsibin duwatsun nan da kowane mai wucewa ke ƙara wa ɗaya, su ne alama. Na ce, "Maigida, ɗora naka."

Sai ya sa ƙafa ya watsar! Wai tsafin ƙauye ne. Haka ya yi ta yi har bisa. A kufai ya dubi inda aka haifi kakana ya ce, "Wannan garken awakin ka kawo ni gani? Tafi, tsoho, na san hanya."

Na sauko, na nemi inuwa.

Azahar na yi sai ihu! "Baba! Don Allah, Baba!"

Na hau na same shi, hanya ta ɓace masa, leɓe ya bushe, riga ta yage. Na ce, "Ai ni ma ba na gane hanya sai da tsafin ƙauye."

Tsibi goma sha ɗaya, jama'a! Ina nuna wuri, yana tarawa cikin rana. A na ƙarshe ya miƙe yana haki, wai ya gama.

Na ce, "Saura naka da ka ƙi ɗorawa."