Na Sayar da Mashin ɗin Baba Ta Bayan Ƙofa

Ranar wata Talata ce da hantsi, ina tsakar gida ina tankaɗen garin dawa, na ji mai unguwarmu yana sallama a zaure. Sallamar ce ta fara tsinka mini zuciya. Tun da Baba ya kwanta ciwo, mai unguwa sallama ɗaya yake yi ya shigo abinsa, yana tsokanar Inna wai ta ɓoye masa aboki a ɗaka. Ran nan sai da ya yi uku bai shigo ba. Na ja mayafi na leƙa. Mutum biyu ne tare da shi, ɗaya da kayan 'yan sanda, ɗaya da farar riga da takarda a hannu. Mai takardar ya karanto wata lamba, ya tambaya ko nan ne gidan mai ita. Edita, lambar nan na haddace ta tun ina firamare. Ta mashin ɗin Baba ce, mashin ɗin da na sayar wata biyar kafin nan ba da saninsa ba. Ashe da rariya na fito a hannu, ban sani ba sai da na ji faɗuwarta.

A lokacin shekarata goma sha tara. Na gama sakandare a Gummi, na dawo gida Bukkuyum ina jiran sakamako. Mu huɗu ne a wurin iyayenmu, duk mata, ni ce ta fari. Baba malamin dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Saboda alkunyar 'yar fari bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama “ke” yake cewa, da na shiga sakandare ya koma ce mini Malama, da ɗan murmushi a gefen baki. Hira mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba. Amma ranar komawa makaranta shi yake ɗaura akwatina a bayan mashin, ya kai ni har bakin ƙofa, ya juya ba tare da ya dube ni ba. Na san son da yake mini, ta bayansa na san shi, ina riƙe da gefen rigarsa a hanyar Gummi.

Shi kuwa mashin ɗin, Allah ya yi masa fitina. Tsohuwa Baba yake ce masa. In an yi ruwa ba ya tashi, in an yi rana yana tari, fulogi kuwa a aljihu Baba yake yawo da shi kamar goro. Fulani sukan ce tun daga nesa suke jin ƙararsa su fara tattaro maruƙa. Wani baduku ya lulluɓe masa sirdi da jar fata, ita kaɗai ce abin kallo a jikinsa. Inna ta sha cewa a rabu da wannan kishiyar ƙarfe, Baba ya ce ai ba a sakin tsohuwa don ta yi tari. Wata rana a hanyar Gwashi injin ya buga gaba ɗaya, a keken shanu aka dawo da shi. Bakaniken Baba, wani dattijo abokinsa da ke Anka, ya zo ya duba ya ce sai dai sabon inji. Ba a kai ga haka ba hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mashin ya zauna a zaure, kaji suna hawa.

Abin da ya kai ni ga kuskurena shi ne, da Baba ya ɗan samu sauƙi sai ya fara jan jiki zuwa zaure in ya ga hankalinmu ya ɗauke. Yakan dafa bango har ya isa, ya kama kan mashin da hannun hagu yana son ya hau. Sau biyu muna samunsa a ƙasa. Na biyun mashin ɗin ya biyo shi, ya fasa masa goshi. Ina wanke masa jinin yana kau da kai don kada in ga hawayensa. A ranar na ƙudura a raina cewa ƙarfen nan sai ya bar gidanmu.

Ranar kasuwa ta zo, mazan unguwa duk sun tafi, Inna ta shiga maƙwabta barka, Baba yana barci. Sai ga wani mutum ya yi sallama, ya ce an ce masa akwai mataccen mashin a gidan, shi kuwa sana'arsa ke nan, ya saya ya wargaza ya sayar da kayan ɗaiɗai. A garinmu ko akuya ce ba a sayar da ita haka. Dillali yana tsayawa, mutum biyu su shaida, abu mai nauyi kuma a sanar da mai unguwa. Na san wannan sarai. Amma na san in na jira maza, magana za ta kai kunnen Baba. Ga kunya, budurwa ba ta tsayawa gaban baƙon namiji tana ciniki. Sai na tsaya a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, muka yi cinikin ta nan. Ban tambayi sunansa ba, ban ga fuskarsa ba. Ta ƙarƙashin ƙyaure na ga takalman roba da babban yatsa marar farce, iyakar sanina da shi ke nan. Ya ce ba ya buƙatar takardu tun da yanka shi zai yi. Na ji daɗi har na ɗauka na yi wayo da na riƙe takardun. Lambar da ke maƙale a bayan mashin ko tuna ta ban yi ba. Na ji suna tura shi cikin a-kori-kura, na koma na ci gaba da wanke-wanke.

Da Inna ta dawo ta yi salati, ta ce ke ɗiyar nan, wa ya aike ki? Amma da ta dubi tabon goshin Baba sai ta goya mini baya. Da kuɗin muka saya masa katifa da magani, muka ce masa an kai Tsohuwa Anka wurin gyara. Kullum in na kawo masa kunu sai ya ɗaga gira ya nuna zaure, in ce ana nan ana aiki. Bayan wata guda sai ga bakaniken da kansa ya zo dubiya. Ranar na zaci ƙaryata ta ƙare. Na kai masu fura, ina shiga suka yi tsit. Da zai tafi ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda Baba zai ji, ya ce Malama, a ƙara haƙuri, gyaran tsohon inji sai a hankali. Na ɗauka Inna ce ta ja shi gefe ta roƙe shi. Daga ranar Baba bai sake tambaya ba, ni kuma na saki jiki.

To, ran Talatar nan, a ofishin 'yan sanda na ji sauran labarin. An kora shanun wani bawan Allah a dajin Gwashi, an sari mai kiwon a kafaɗa. Da mutane suka bi sawu, ɓarayin suka gudu suka bar mashin ɗaya, kuma lambar Baba ce a jikinsa. 'Yan sandan sun ga Baba da idonsu, sun san ba shi ba ne. Saura wanda ya fitar da mashin daga gida, ni ke nan. Mai farar rigar bai yi mini tsawa ba, a hankali yake tambaya, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Wa na sayar wa? Ban sani ba. Yaya kamanninsa? Ban gani ba. Wa ya shaida? Babu. Ina takardar ciniki? Babu. Ya ajiye biro ya ce ƙanwata, ke da kika yi sakandare, in ke ce a kujerar nan za ki yarda da wannan zance? Mai unguwa ya tsaya mini aka bar ni na koma gida, da sharaɗin zuwa Litinin in kawo mai sayen ko wanda ya san shi. In ba haka ba, sunana zai shiga takardar da za a tura kotu tare da na waɗanda ake nema.

Masu karatu za su tuna yadda ake zancen hukuncin sata a jiharmu a shekarun nan. Ba wanda ya ce mini za a taɓa hannuna, amma matan unguwa da suka shigo jaje hannuna suke kallo. Wata ma cewa ta yi Allah sarki, ga shi ta iya rubutu. Na kasa cin abinci. In na ɗauki ludayi sai in tsaya ina duban yatsuna. Mai unguwa ya zaga wurin masu gyara na garinmu, ba wanda ya san mai yatsa marar farce. Ran Alhamis Inna ta ce ba sauran dabara, in je in faɗa wa mai abu.

Bayan la'asar na shiga na durƙusa a bakin katifar da na saya da kuɗin mashin ɗinsa. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ina jiran ya juya mini baya. Sai na ji hannunsa na hagu a kaina, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan kalma ɗaya ta fito. Anka. Ya sake maimaitawa, Anka.

Da safe ni da Inna muka shiga mota. Muna isa rumfar bakaniken, tun kafin mu gaisa na hango jar fatar nan rataye a jikin ginshiƙi. Sirdin Tsohuwa. Dattijon ya shimfiɗa mana buhu, ya ce dama ya san za a rina, wato ya san wata rana za mu zo. Ya ce a kasuwar Gummi ya ga sirdin a shimfiɗar wani mai sayar da tsofaffin kayan mashin, ya gane shi nan take, don sau nawa ya zauna a kansa yana gwaji. Ya saye shi, ya nufo Bukkuyum a fusace yana zaton sata aka yi wa abokinsa. Ranar da na kai masu fura, labarin da yake ba Baba ke nan. Baba ya fahimci abin da ya faru, ya kama masa riga, da ƙyar ya haɗa maganar: Malama ce, don ni ta yi, kada ta ji kunya. Shi ne ya sa shi ya fito tsakar gida ya faɗi abin da ya faɗa. Inna ta rufe fuska da mayafi, ta ce wallahi ita ba ta taɓa yi masa maganar ba. Wata huɗu ina yi wa Baba ƙarya ina ganin ina lallashinsa, ashe shi yake lallashina. Da na ba dattijon labarin yatsa marar farce, ya ce in share hawaye, mai sayar da kayan mashin ɗin nan ne, ya san shi kamar yunwar cikinsa, har rumfarsa zai kai hukuma. Ya ƙara da cewa Tsohuwa ko a mace sai da ta tayar da ƙura, Inna ta yi dariya tana kuka.

'Yan uwana mata, musamman waɗanda ciwo ko rashi ya bar wa ragamar gida, don ku na rubuto. Kunyar da ta hana ni duban fuskar mutum ɗaya ita ta kai ni gaban maza goma ina amsa tambaya. Shaidun da iyayenmu suke kira a kan ciniki ba ɓata lokaci ba ne, na gane haka da tsada. In za ku rabu da mashin ko mota, ko ta mutu murus, a cire lamba a riƙe, a rubuta takarda, a san sunan mai saye da garinsu. Kuma kada ku yanke wa marar lafiya hukunci a kan abinsa don jikinsa ya kwanta. Baba harshensa ne ya yi nauyi, hankalinsa yana nan, ya ma fi nawa. Har yau in na ji sallamar baƙo a zaure sai na tsaya na ƙirga sau nawa aka yi, in mashin ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa na ga ko wane ne.

Ran Litinin muka kwana biyu ba labari, wato tun Asabar da 'yan sanda suka tafi Gummi da dattijon ba mu ji komai ba. Na yi wanka na sa hijabi ina jiran a zo a tafi da ni. Ana kiran azahar mai unguwa ya yi sallama ɗaya ya shigo abinsa, yana cewa ina mai ɓoye masa aboki. Bakaniken yana bayansa da sirdi a hammata. Mai unguwa ya ce an samu mutumin, ya amsa cewa shi ya saya a hannun wata yarinya ta bayan ƙofa, kuma ya nuna wanda ya sayi lambar a wurinsa. An cire sunana, ba sai na sake zuwa ba. Na zauna a ƙasa nan bakin turmi. Dattijon ya shiga ya ajiye wa Baba sirdin a gefen katifa, na ga yana shafa jar fatar da hannun hagu. Sai na ji an kira ni daga ɗaki. Ba Malama aka ce ba. Sunana na yanka ne, a karye, da nauyin harshe, daga bakin da shekara goma sha tara bai taɓa furta shi ba. Na tashi na amsa.