Baturiyar da Ankal ya ba ƙauye

Ina jiran a ɗaure mini capati tapau, wato gurasar da zan tafi da ita gida, a Brickfields, unguwar Indiyawa, sai na ji Ankal mai shagon, dattijo ɗan Panjab mai rawani, yana cika wa abokansa baki. Wai duk mawaƙin Panjabi da ya buɗe baki, da kunne kawai zai faɗi yankinsu.

Kun san ni, ba na jin irin wannan in wuce. A wayata akwai wata Baturiyar Kanada da ke rera tsohuwar waƙarsu, an haɗa gangarsu da kiɗan zamani. Na kunna, na kife wayar a kan tebur.

"Ankal, wannan 'yar ina ce?"

Ya lumshe ido har amshi ya zagayo. "Wannan ta wajen garin mahaifiyata ce. Da waƙar ake raka amarya."

Na juya wayar. Ga ta nan fara sol, da jita a hannu. Abokan suka kwashe da dariya, ɗaya har da buga tebur. Na gyara tsayuwa ina jiran borin kunya.

Ankal ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Tura mini, yaro. Jikata ta ce waƙar tsofaffi ce, ba ta saurara. In ta ga Baturiya na yi, za ta koya."

Na tura masa, na karɓi capatina.

Mu ma fa, wace waƙar kakanninmu ce ke jiran sai Baturiya ta rera? Ku faɗi taku.