An Rubuta Kaka Ta Rasu, Ga Ta Tana Shan Hura

'Yan gida, ku ji abin da ya same ni yau!

Ina neman asalin gidanmu na Gwandu a intanet, sai na ci karo da jerin zuri'a da wani ya ɗora. Ga sunan Kaka Hussaina, an rubuta marigayiya! Alhali tana tsakar gida tana shan hura.

Na karanta mata. Ta aje ludayi ta ce, "Wa yac ce na mutu? Kira min shi!"

Akwai lamba a ƙasan shafin, na kira. Wani malamin makaranta ne a Kalgo. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ji muka yi, ban bincika ba. Babana ɗan tagwaye ne, tun yana ƙarami kawunsa ya tafi da shi kudu kiwo. Bara muka dawo."

Na ce ya haɗa ni da baban, don Kaka ma 'yar tagwaye ce! Ya miƙa wa baban nasa waya, ni kuma na miƙa wa Kaka.

Ta ce, "Hassan?"

Sai kuka ta can, kuka ta nan!

Gobe da hantsi za su iso. Kaka ta ce kowa ya zo, har ta sa an kama zabi biyu!