Makharatar da Na Dire a Kan Laka

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai walda ne a wani ƙauyenmu na bakin kogi kusa da garin Suki, mutum mai saurin hannu da saurin fushi. A birnin Madani na koyi aikin makharata, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi. Da tashin hankali ya maido ni gida, burina ɗaya ne: mutanenmu su daina kai kowane karyayyen ƙarfe birnin Sinnar. Na sayi tsohuwar makharata wurin wani da ke rufe shagonsa, muka ɗauko ta a bayan tarakta, muka dire ta a rumfata a kan ƙasa. Na cusa guntayen katako ƙarƙashin ƙafafunta har ta daina rawa, na kaɗe hannu, a ganina an gama.

Ba a jima ba sandar turumbar Yayana ta karye, famfon da ke ɗaga ruwa daga kogi zuwa gonar albasarsa. Dashen sabo ne, ga rana kamar wuta, kuma albasar nan ita ce abincin gidansa da namu har da Inna. Yaya ya so a kai aikin Sinnar. Na ce in dai ina numfashi ba za a yi haka ba. Don kada ya kunyata ni a idon gari ya bar mini.

Na fere sandar farko, ta fito kai ɗaya da kauri, ɗayan siriri. Ta biyu ma haka. Nan take na ɗora laifin a kan maglama, wato mazaunin da ake ɗaure wuƙar yankan. Tawa tsohuwa ce mai kusurwa huɗu, sai an yi ta saka mata yankan gwangwani kafin bakin wuƙa ya zo daidai tsakiyar ƙarfe, ni kuwa tun ran farko nake jin kunyarta. Na hau mota zuwa Sinnar ɗin da na rantse ba za a je ba, na dawo da sabuwa mai sheƙi, mai hannun da ake murzawa. Ashe ta babban inji ce. Wuƙar ta hau sama da tsakiya, tana gugar ƙarfe tana kuka maimakon yanka. Na rage mata gindi da ƙyar, amma sanda ta ci gaba da fitowa a karkace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yau ta kusa daidai, gobe ta kauce, ni ban taɓa komai ba. Yaya kan zo ya tsaya bakin rumfa, ya dubi hannuna, ya juya.

Wata safiya na ajiye kofin shayi a kan gadon injin, sai na ga shayin ya kwanta gefe guda. Daidai lokacin Inna ta shigo da bokitinta tana yayyafa ruwa, kamar yadda kowane gida ke yi a nan don kashe ƙura. Ƙafafunta ba sa kai ta ciki, kullum ɓangaren ƙofa take jiƙawa. Na sunkuya na duba. Inda ruwa ke sauka laka ta kumbura ta ɗaga ƙafar injin, can ciki kuwa ƙasa ta tsattsage har hannu na shiga. Baƙar ƙasar nan tamu da ke tsaga katangu, wadda na tashi a kanta, ita ke murɗa mini inji kowace safiya.

Maimakon in ji haushin kaina, sai na huce a kan Inna. Na ce ruwanta ne ya kashe albasar ɗanta. Ta ajiye bokitin a hankali ta ce, "Ya waladi, ɗana, ƙura nika kashe maka. Shi kaɗai nika iyawa yanzu." Ta fita. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ban zauna ba. Ranar muka mirgina injin waje a kan bututu, na haƙa rami mai zurfi, na zuba yashi da tsakuwa, na kwaɓa siminti na dasa kusoshi. Kafin ya bushe, ni da Yaya muka yi ta jigilar ruwa da ganga a keken jaki, muna bin albasa kwami-kwami har tafin hannuna ya saɓule. Da siminti ya kama, na daidaita gadon da ruwa cikin siririn tiyo, na maido tsohuwar maglama, na yanka mata gwangwanin tumatir kamar da. Sanda ta fito sumul, kai da kai kauri ɗaya. Ruwa ya hau gona, amma duk kwamin da ke nesa da kogi ya riga ya ƙone. Yaya ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Mu shayar da wanda ya rage."

Ga duk mai shirin kafa tsohon inji a yankinmu: ka fara da abin da zai zauna a kai, ka auna tsayin tsakiyarsa kafin ka sayi maglama, kuma kada sheƙi ya ruɗe ka. Sannan in aiki ya ƙi, ka riƙe bakinka a gaban wanda ya zo taimakonka. Albasa mun sake dasawa. Inna kuwa ta daina zuwa rumfar, har sai da na ɗauki bokitin na cika shi da kaina, na kai ƙofar ɗakinta na durƙusa. Yanzu kowace safiya tana yayyafa ruwanta, ni kuma ina kashe inji in jira ta gama.