Ranar da Na Yi wa Mesa Wanka

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ba zan manta makon da na yi jinyar maciji ba. Ni da a garinmu in aka ce an ga maciji a bayan gida, sai in yini ban sauko daga kan gado ba.

Autata ce ta jawo min. A nan na haife ta, a unguwar Safa ta girma. Ba ta da yawan magana, Hausa kuma ji take yi, amsa sai da Larabci. Da ta fara aiki sai ta sayo wata 'yar mesa, irin ƙananan nan marasa dafi masu dunƙulewa kamar gammo, ta ajiye a akwatin gilashi a ɗakinta. Ba irin faɗan da ban yi ba. Na ce 'ya'yan mutane kyanwa suke kiwo, ke kin rasa abin so sai wanda ake bi da sanda. Na sha gaya mata cewa ranar da ta juya baya, akwatin za ta tarar wayam. Daga nan ta fara kulle ɗakin in za ta fita, magana tsakaninmu ta koma gaisuwa kawai. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Kwatsam ciwon ciki ya kayar da ita, likitoci suka ce sai an yi aiki. Ana shirin shiga da ita ta kamo hannuna ta danƙa min makullin ɗakin.

Da na koma gida na buɗe, sai na tarar idanun mesar sun yi fari kamar an ɗiga madara, fatar ta dushe, ta cure a lungu. In ta mutu a hannuna, wa zai gamsar da yarinyar nan cewa ba ni na kashe ta ba? Yayata, da ta zo daga unguwar Khumra taya ni zama, ta leƙo ta ce, "Halas, shi ke nan, Allah ya raba ki da wahala. Ba wa mai gadi ya jefar, ki ce mutuwa ta yi."

Na ce, "Yaya, makulli fa ta ba ni."

Da yarinyar ta farfaɗo na kwatanta mata abin da na gani. Ta ce ba ciwo ba ne, saɓa mesar za ta yi. Kada a ba ta abinci, kada a dame ta. Sai dai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busar da iska, in kuwa iska ta bushe tsohuwar fatar maƙalewa take yi. Hayaƙi ma yana cutar da ita. To, na kashe mukayyif na buɗe taga, laimar nan ta Jidda da kowa ke tsine wa ta shigo ta zauna. Ina yayyafa ruwa a akwatin daga nesa, kaskon turaren wuta kuwa na ɓoye shi. Matan da ke zuwa tambayar mai jiki suna ta fifita da mayafi. Yayata ta ce tunda take ba ta taɓa jin gidan Bahaushiya ya kwana babu turare saboda maciji ba.

Fatar ta fita, amma ba duka ba. Wani siririn zobe ya rage a ƙarshen wutsiya, ya ɗaure tam. Na tura wa yarinyar hoto, sai ga kira tana kuka. Ta ce in aka bar shi zai hana jini gudu, wutsiyar ta mutu, don haka ita za ta nemi sallama ta taho. Ɗinkin ko bushewa bai yi ba. Na ce ta kwanta inda take, ta gaya min yadda ake yi.

Na ɗauko robar da nake wa jikokina wanka, na sirka ruwa, na gwada ɗuminsa da gwiwar hannu yadda ake wa jariri. Na yi bismillah na zura hannu. Na zaci santsi zan ji, sai na ji abu mai sanyi da nauyi ya naɗe min wuyan hannu a hankali. Yayata tana bakin ƙofa, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanto. Na bar wutsiyar ta jiƙu sosai, sannan na riƙe jiƙaƙƙen tawul mesar ta riƙa sulalewa ta ciki. Ban ja ba, ban matsa ba. Can sai ga zoben a kan tawul, wutsiyar sumul. Na mayar da ita, na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Na wanke jarirai da yawa a rayuwata, amma babu wankan da nake alfahari da shi kamar wannan.

Ranar da aka sallamo yarinyar daga asibiti, ɗakin ta nufa tana dafa bango. Ta daɗe tana duba wutsiyar. Na miƙa mata makullinta, sai ta naɗe min yatsu a kansa. Da gurguwar Hausarta, wadda rabon da in ji ta a bakinta har na manta, ta ce, "Umma, ki riƙe. Ƙofa ba kulle kuma."

Har yau ban ce ina son maciji ba. Amma na koyi cewa in kana neman hanyar zuciyar ɗanka, sau da yawa ta kan abin da yake ƙauna ta bi, ko da abin nan ne kake gudu. Ƙofar kuwa tun ranar a buɗe take.